Awa 48 na ƙirƙirar wasa: me ya kamata a ce wa sabon shiga?

Tun shekarar 2009, duk ƙarshen watan Janairu matasa a ƙasashe da dama kan taru a jami'o'i da cibiyoyin kwamfuta domin Global Game Jam. Ana ba su jigo ɗaya, a ce su haɗa wasan bidiyo cikin awa 48. Wasan Surgeon Simulator, wanda daga baya ya shiga kasuwa, a zaman 2013 aka fara ƙera shi. Amma yawancin abin da ake fitarwa ɗanye ne: hoto a karkace, sauti babu, jarumi ya maƙale a bango.

Abin da ke tsayar da sabon shiga ko ya kore shi, shi ne maganar da zai ji bayan an gama. Gasar haɗa wasa ta Ludum Dare, da ta faro a 2002, ta gane haka. A can mahalarta ne ke duba aikin juna, suna ba da maki daban-daban a kan daɗin wasa, sabuwar dabara, zane da sauti, kuma wanda ya fi duba na wasu shi ne nasa ya fi fitowa fili. Don haka yaron da zanensa bai yi kyau ba yana iya gano cewa dabararsa ta burge mutane.

A ganina “ya yi kyau, Allah ya ƙara basira” ba ta wadatar. Addu'a ce mai kyau, amma ba ta nuna masa inda zai gyara. “Wannan ai shirme ne” kuwa kashe gwiwa ce kawai. Ka ce masa: “Na danna tsalle, sai da ya ɗan jinkirta kafin ya tashi, a mataki na biyu kuma ban gane hanyar fita ba.” Da wannan zai kwana yana aiki. Mafi alheri ma, miƙa wayar ga wani, wanda ya haɗa wasan ya yi shiru yana kallon inda yatsa ke ruɗewa. Haka ake koyon dara a gindin bishiya a Garhanga: dattijo ba ya cewa ba ka iya ba, ramin da ka bari a buɗe yake nuna maka.

Ƙirƙirar wasan bidiyo ba ta Turawa kaɗai ba ce. A Yamai, Mahaman Sani Housseyni Issa ya fitar da wasan Les Héros du Sahel. A Legas, kamfanin Maliyo Games yana horar da masu farawa. Manhajoji irin su Scratch da Godot kyauta ne, kuma bayan an sauke su ba sa buƙatar intanet. Labari kuwa akwai shi a Adar: aikin farfaɗo da ƙasa na Keita da aka fara a 1984, da gandarin duwatsu da dashen itatuwa, ya isa jigon wasa.

Malaman makarantun Keita, Bouza da Madaoua, ku gwada irin wannan zaman ko da kwamfuta biyu ne. In ɗalibi ya nuna muku nasa, ku buga shi har ƙarshe kafin ku ce komai.