Hawan Kilimanjaro: Amfanin ƙarin dare ɗaya a Horombo

Cikin hanyoyin hawan Dutsen Kilimanjaro na Tanzaniya, mai tsayin mita 5,895, ta Marangu ce kaɗai ke da ɗakunan kwana. Akan yada zango a Mandara, sannan Horombo, sai Kibo, inda ake tashi da tsakar dare a nufi ƙololuwa.

Ma'aikaci mai tattalin kwanakin hutunsa zai so tsarin kwana biyar, amma na shida ya fi. Ƙarin dare a Horombo, sama da mita 3,700, kan ba jiki damar sabawa da ƙarancin iska, wanda ke jawo ciwon kai da amai, har ya tilasta wa mutum juyowa. Tafiya da ja-gora mai lasisi wajibi ce, kuma an fi samun kyawun yanayi daga Yuni zuwa Oktoba.