Kakar Kurket ta 1948: Shekarar da Ostireliya Ta Gagari Ingila

A bazarar 1948 tawagar kurket ta Ostireliya, bisa jagorancin Don Bradman, ta buga wasanni 34 a Birtaniya ba a doke ta ko sau ɗaya ba. A karawa biyar ta gasar Ashes ta lallasa Ingila sau huɗu, ɗaya aka tashi canjaras.

Sai dai wasan bankwana a filin Oval na Landan bai yi wa Bradman daɗi ba. Maki huɗu kacal yake nema matsakaicin makinsa ya cika 100, amma jifa na biyu Eric Hollies ya fitar da shi hannu rabbana. Ya tsaya a 99.94, adadin da har yau ba a kamo ba.

A gasar cikin gida kuwa, Glamorgan ta yankin Wales ce ta ɗauki kambu karon farko.