Ko ka sani? Ruwan farko na ɗan tsako

Ɗan tsako yakan fito daga ƙwai da guzurinsa. Ana saura kwana biyu ya cika kwana 21 na kwanci, sai ya janye ragowar gwaiduwa zuwa cikinsa ta cibiya, kuma ita za ta riƙe shi har kusan awa 72 bai ci ba bai sha ba. Shi ya sa ake iya loda 'yan kwana ɗaya a kwali daga Ibadan, su kwana a mota, su iso Kano da ransu.

Sai dai sukan iso a galabaice, kuma ƙishirwa ce ke gaba da yunwa. Masu kiwo da suka san aikinsu ruwa suke fara ba su, mai ɗan ɗumi, da sukari ko gulukos kaɗan, sannan abinci ya biyo baya.

A gida uwa ce ke kai 'ya'yanta bakin kasko, ta sha suna kallo. Waɗanda inji ya ƙyanƙyashe ba su da uwa, don haka sai ka ɗauki tsakon a tafin hannu, ka tsoma ƙarshen bakinsa a ruwa, ban da hanci, ka ajiye shi. Za ka ga ya ɗaga kai sama yana motsa baki. Kaza ba ta iya zuƙar ruwa kamar tantabara. Ɗiba take yi, ta ɗaga kai ya gangara da kansa. Da 'yan kaɗan sun koya, sauran za su bi su.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne asarar da mazubin ruwan kansa ke jawowa. Kwano mai zurfi tarko ne. Tsako zai faɗa ciki ya nutse, in ma ya fito, gashinsa ya jiƙe, alhali a makonni biyun farko jikinsa bai iya riƙe ɗumi da kansa ba. Sanyi kaɗai ya isa ya kashe shi kafin asuba, musamman da hunturu. Faranti marar zurfi da aka zuba wa tsakuwa wankakkiya ya wadatar: su taka dutse, su sha ta tsakankani.

A riƙa sauya ruwan safe da yamma, domin suna zuba masa kashi da garin katako. Washegarin isowarsu ka taɓa jakar abincin da ke gindin wuyan tsako. In ta cika da laushi, ya ci ya sha. In ka ji ta da tauri, ci kawai ya yi, sai ka sake kai bakinsa ruwa.