Kuskure Ma Yana Da Nahawunsa

Sanin kowa ne cewa saƙo kan gurɓata a hanya, ko a wayar tarho, ko a hannun mai buga rubutu. Abin da nake so mai karatu ya lura da shi shi ne, kuskure ba ya zuwa barkatai. Yana da tsari, kuma masana sun daɗe da gano hakan.

A shekarar 1956 Noam Chomsky ya bayyana harshe a matsayin tarin jimlolin da wasu dokoki suka halatta. Mafi sauƙin irin waɗannan harsuna na ƙa'ida ana tantance su da abin da ake kira otomata, wato injin da aka zana a takarda, mai matakai ƙidayayyu, wanda ke karanta harafi bayan harafi, daga ƙarshe ya karɓi kalma ko ya ƙi ta.

Daga nan aka juya kan kuskuren kansa. A 1964 Fred Damerau ya nuna cewa kusan kashi 80 cikin ɗari na kurakuran rubutu ba su wuce iri huɗu ba: ƙarin harafi, ko rashinsa, ko musanya shi da wani, ko juya haruffa biyu maƙwabta. A 1965 Vladimir Levenshtein na Tarayyar Sobiyet ya auna tazarar kalmomi biyu da adadin gyaran da zai mayar da ɗaya ta zama ɗayar. Saboda haka ana iya zana inji na biyu mai kwaikwayon ɓarnar hanya, a haɗa shi da na farko, a ga ko kalma halastacciya za ta iya rikiɗewa ta zama wata halastacciyar. Idan za ta iya, to kuskuren ya tsallake shinge.

A nan ne matsalar Hausa take. Duk lokacin da kwamfuta ko waya ta yar da lanƙwasar harafi, ƙasa ta koma kasa, ƙafa ta koma kafa, ɗaka ta koma daka, kowace kalma ce ta Hausa, don haka injin da ke duba kalma ɗai-ɗai ba zai ga laifi ba. Sai wanda ke duba maƙwabtan kalma a jimla.

A ganina, lokaci ya yi da sassan nazarin Hausa da na kimiyyar kwamfuta a jami'o'inmu za su zauna tare, su tattara irin kurakuran da muke yi, su zana musu nahawu. Hausawa dai sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Allah Ya sa masu abin su ji.