Aska a Hannun Wanzami, Bindiga a Hannun Ɗan Sanda

Mutum mai hankali yakan zauna kan tabarma, ya miƙa wuya ga wanzami. Wanzami ya buɗe zabira, ya wasa aska a fata, ya jiƙa gemu, sannan ya ɗora kaifi daidai maƙogwaro, mai gemu kuwa har gyangyaɗi yake yi. Abu biyu suka ba shi wannan natsuwa. Wanzami ya san iyakar inda aska take tsayawa, domin ya daɗe yana ɗaukar zabirar maigidansa kafin a bar shi ya taɓa kan mutum. Kuma idan ya yi ganganci, akwai Sarkin Aska da za a kai wa ƙara, ga mutanen gari da za su daina kiransa ranar suna.

Haka muka miƙa wuya ga ɗan sanda, da kuɗinmu aka saya masa bindiga. Sharaɗin amanar bai canja ba: ya san iyaka, kuma a samu mai tuhumarsa.

Ta fuskar iyaka, Najeriya ba ta rasa dokoki ba. Sashe na 33 na tsarin mulkin 1999 ya tsare ran kowa, ko da yake ya bar ƙofa a buɗe wajen kamu da kwantar da tarzoma. Tsohon umarnin rundunar 'yan sanda mai lamba 237 ya yarda a harbi wanda ake zargi idan ya ruga a guje. A 2019, zamanin Sufeto Janar Mohammed Adamu, aka yi masa garambawul, ya zama ba a harbi sai ana fuskantar barazanar kisa ko mummunan rauni. Dokar hana azabtarwa ta 2017 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 25. Dokar 'yan sanda ta 2020, wadda ta maye gurbin ta Turawan mulki ta 1943, ta haramta kama wani a madadin wani, wato ba a tafiya da tsoho don ɗansa ya gudu.

Inda gizo ke saƙa shi ne wajen hukunci. A 2005 'yan sanda suka kashe matasa shida a Abuja, abin da ake kira kisan Apo. Sai a 2017 kotu ta yanke wa biyu daga cikin waɗanda aka gurfanar hukuncin kisa. Shekara 12 iyalai suna jira. A Oktoban 2020 zanga-zanga ta tilasta rusa sashen 'yan sanda na SARS, jihohi da dama suka kafa kwamitocin bincike, mutane suka zo suna nuna tabo da hotunan 'yan'uwansu. An biya wasu diyya, amma jami'an da suka tsaya gaban alƙali ba su taka kara sun karya ba. Wanzamin da ya yanke wa yaro kunne, aka mai da shi wata unguwa da askarsa a hannu, gobe kan wani yaron zai hau.

Wannan sakaci har ɗan sandan kirki yake cutarwa, wanda ke kwana a kan titi cikin sanyin hunturu, ga albashi ba ya kai wata. Jama'a sun tsorata da kakinsa, don haka ba mai tsegunta masa maɓoyar ɓarawo.

Gyaran ba ɓoyayye ba ne. A riƙa ƙirga harsashi lokacin fita da dawowa, duk wanda aka harba a rubuta dalili. Alƙalan majistare su riƙa leƙa ɗakunan tsare mutane kowane wata, kamar yadda dokar shari'ar laifuka ta 2015 ta umarta. Hukumar Kula da Aikin 'Yan Sanda ta riƙa bayyana wa jama'a wanda ta kora da laifinsa, ta miƙa shi kotu. Mu kuma mu san haƙƙinmu: beli kyauta ne, kuma inda kotu take kusa, ba a tsare mutum fiye da kwana ɗaya ba tare da an gurfanar da shi ba.