DALLA-DALLA: Sauya furosesa don buga gem, riba ce ko asarar kuɗi?

Ko matashi ne a Indabo mai buga EA Sports FC a kwamfutarsa, ko ɗalibin Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke Wudil mai shirin buɗe gidan gem, da zarar hoto ya fara sarƙewa shawara ɗaya yake sha: a sauya furosesa.

Shawarar tana da tsada. Da dala ake shigo da kayan kwamfuta, kuma tun da aka saki Naira ta nema wa kanta daraja a watan Yunin 2023, dalar da ba ta kai Naira 500 a farashin hukuma ba ta haura 1,500 a 2024. Don haka kafin a kama hanyar Titin Beirut a Kano, akwai abubuwan da ya kamata a tantance.

Ina matsalar take?

Furosesa ce ke lissafin motsin 'yan wasa da dokokin gem, amma zana hoton aikin katin hoto ne, kuma a yawancin gem na zamani shi ne ke fara gazawa. Gwajin kyauta ne: a buɗe Task Manager ana tsaka da wasa. Idan katin hoto yana aiki kusan kashi 100 cikin 100 alhali furosesa tana hutawa, sayen sabuwa barin jaki ne a daki taiki.

Da yawa daga cikin kwamfutocin gwanjo da ke kasuwa, irin su Dell OptiPlex, na ofis ne, ba su da katin hoto mai zaman kansa. A irinsu, ƙara RAM zuwa 16GB da sanya katin da wutar injin za ta iya ɗauka sun fi kawo canji. SSD kuwa saurin buɗe gem take ƙarawa.

Zafi ma yana yaudara. Ƙurar hunturu tana toshe fanka, furosesa kuma idan ta ɗau zafi da kanta take rage gudu. Kakkaɓe ƙura da sabunta man sanyaya ta kan dawo da ƙarfin da ake zaton ya tafi.

Za ta ma sauyu?

A kusan dukkan laftof da aka ƙera daga 2015 zuwa yau, an liƙe furosesa ne da dalma a jikin madabod. Mai gyaran da ya yi alkawarin ciro ta, a yi hattara, kada garin gyaran gira a rasa ido.

A kwamfutar tebur, mazaunin furosesa ne ke yanke hukunci. Intel ta saba canza shi bayan zubi biyu ko uku, saboda haka tsallakawa daga Core i5 zubi na 4 zuwa na 12 yana nufin sabon madabod da sabon RAM. AMD kuwa ta riƙe mazaunin AM4 tun 2016, har Ryzen 7 5800X3D ta 2022 tana hawa tsofaffin madabod da dama bayan an sabunta BIOS.

Yaushe ya dace?

Sauyin yana biyan kuɗinsa idan gwaji ya nuna furosesa a cike, katin hoto yana jiran ta, kuma madabod zai karɓi sabuwar. Akwai ƙarin dalili: Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuma a hukumance tana buƙatar Intel zubi na 8 zuwa sama.

Mai gidan gem ya fara da sitabilaiza, domin wutar da ke hawa da sauka tana iya ƙone injin gaba ɗaya. Wanda ya yanke shawarar saye kuma ya tafi da kwamfutarsa shago, a ɗora furosesar, a buga gem ɗin a gabansa, sannan ya biya.