Dokar Avogadro: Dangantakar Girman Iskar Gas da Adadin Ƙwayoyinta

A shekarar 1808, masanin kimiyyar sinadarai ɗan ƙasar Faransa, Joseph Louis Gay-Lussac, ya bayyana wani sakamako da ya ɗaure wa takwarorinsa kai. Ya lura cewa idan aka haɗa awo biyu na iskar haidirojin da awo ɗaya na iskar oksijin, a zafi da matsi iri ɗaya, abin da ke samuwa shi ne awo biyu na tururin ruwa. John Dalton na Ingila bai gamsu ba. A fahimtarsa ƙwayar zarra ba ta rabuwa, to yaya ƙwayar oksijin guda za ta wadatar da ƙwayoyin ruwa biyu?

Amedeo Avogadro, ɗan birnin Turin na Italiya, shi ya warware wannan ƙulli a 1811. Ya ce duk iskar gas biyu da suka mamaye sarari mai girma ɗaya, a zafi da matsi ɗaya, adadin ƙwayoyinsu ɗaya ne, komai bambancin irinsu. Ya ƙara da cewa ƙwayar oksijin da ta haidirojin kowacce zarra biyu ce a manne. Ke nan idan ƙwayar oksijin ta rabu, tagwayen ne suka saki juna, ba zarrar ce ta tsage ba.

Ma'anar dokar a aikace ita ce, muddin zafi da matsi ba su canja ba, girman iskar gas yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da adadinta: a ninka ƙwayoyin, girman ya ninku. Ana ƙidaya wannan adadi da ma'aunin da ake kira mol, wanda ya ƙunshi ƙwayoyi kimanin 6.022 × 10²³. A zafin da ruwa ke daskarewa, ƙarƙashin matsin iska na bakin teku, mol ɗaya yana mamaye kusan lita 22.4. Giram 2 na haidirojin da giram 32 na oksijin duk wannan sararin suke cikawa, ga shi kuwa ɗaya ta ninka ɗaya nauyi sau 16.

Dalilin wannan abin mamaki shi ne tazara. Ƙwayoyin gas suna nesa da juna ƙwarai, har girman jikinsu bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da filin da ke tsakaninsu. Abin da ke tokare bangon mazubi shi ne yawan karon da suke yi da shi da kuma ƙarfin karon. Ƙwaya mai nauyi tana tafiya a hankali, marar nauyi tana gudu, sai matsin ya zo daidai. Daga nan kuma iyakar dokar take fitowa, domin idan matsi ya tsananta ko sanyi ya yi yawa, ƙwayoyin sukan kusanci juna, lissafin ya kauce. Shi ya sa ake sayar da gas ɗin girki da kilo, tunda a cikin tukunya matsi ya riga ya mayar da shi ruwa-ruwa.

Abin takaici, Avogadro ya rasu a 1856 ba tare da ya ga an karɓi ra'ayinsa ba. Sai a taron masana sinadarai na Karlsruhe, a ƙasar Jamus, cikin 1860, ɗan ƙasarsu Stanislao Cannizzaro ya nuna yadda dokar ke daidaita lissafin nauyin zarra da aka daɗe ana saɓani a kansa.